Gwangwanin Kaset ɗin Salina

Zuwa ga Salina,

Gaisuwa irin tamu ta da, ba irin wadda 'yan jarida suka koya miki ba. Da na ce ina gajiya, amma gajiya kam kin gama da ita. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Ko da kina da rai ma ba karantawar za ki yi ba, tunda Hausarki ba ta wuce sannu da na ƙoshi ba, Turancin da kika tashi da shi kuwa sai an karanta miki kike dangwala hannu. Saboda haka yau zan faɗi son raina babu mai katse ni, abin da ban taɓa samu ba a duk zamana da ke.

Labarin gida babu wani mai daɗin ji. Old Kent Road tana nan da hayaƙin bas ɗinta. Shagon wankin da muka fara haɗuwa ya zama coci, ranar Lahadi har tagata nake jiyo gangarsu. Lif ɗin gidanmu ya sake mutuwa, council sun ce sun yi booking ɗin mai gyara, sun kuma yi cancel, ni da gwiwata muna ta hawan bene. Bilkisu, 'yata da kika goya a bayanki kina koyon ɗaurin zani, ta haihu namiji, suna can Stratford da mijinta. Ba ki san ta yi ciki ba ma, ko? Ina za ki sani.

Ba wannan ya zaunar da ni ba. Maganar gwangwanin nan ce, na biskit, wanda na cika da kaset ɗin da muka ɗauka a kicin ɗina tun duniya ba ta san da ke ba. A cikinsa kaɗai muryarki ta gaskiya ta rage, kuma a hannuna yake tun tuni, ƙarƙashin gadona. Kina mutuwa kowa ya tuna da shi. Zan gaya miki inda ya ƙare, amma sai kin fara jin abin da ke cikina.

Kin tuna haɗuwarmu? Ina sabuwar zuwa daga Kano, marigayi Malam, maigidana, yana tuƙin tasin da suke kira minicab, ni kuma ban san kowa ba sai bangon flat. Na shiga shagon wanki na tarar mata suna ta janye jakunkunansu daga wata doguwar yarinya mai baƙin gashi har gadon baya. Wata 'yar Ghana ta raɗa min da Hausarsu ta zango wai in riƙe jaka da kyau, yarinyar nan Jipsi ne, hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Ban san mene ne Jipsi ba a lokacin. Daga baya kika gaya min wannan sunan raini ne, sunanku Romani, mutanen tashi ne kamar Fulanin daji, da can da dawaki kuke yawo, yanzu kuma an tara ku a wani fili bayan gadar jirgin ƙasa kuna kwana a karaban, ɗakin nan da ake ja da mota. Abin da idona ya gani ranar shi ne kin ware kayan maza daban, na mata daban, tsumman goge kwano kuma a nasu injin su kaɗai. Masu toshe miki hancin kuwa kamfai da tawul ɗin kicin da bargon kare duk a inji ɗaya suke cusawa. Na ɗauki kwandona na dawo kusa da ke, don dai in ba su haushi.

Kika fara zuwa gidana da kofinki a jaka, wai ba kwa shan ruwa a kofin bare. Na ji haushi, amma na ce ni ma ai ba na cin naman kowa a garin nan, ashe kowa da irin nasa tsantsenin. A zamanin babu waya a hannun kowa, Hajiyata kuma ba ta karatu, saboda haka a rediyon Malam nake ɗaukar saƙo a kaset in ba matafiyi ya kai mata. Ranar nan ina cikin lissafa mata gaisuwar dangi, ke kina yanka min albasa, sai kika saki murya ba tare da kin san ana ɗauka ba. Na bar saƙon haka na aika. Da amsa ta dawo, Hajiya ko lafiyata ba ta tsaya tambaya ba, cewa ta yi wace ce wannan baiwar Allah da ke kuka da waƙa, tsofaffin gidan sun taru sun ji, babu wadda ta gane kalma ɗaya amma sun bar surfe sun yi jugum, a ƙaro musu. Kin ga ke nan masoyanki na farko a duniya matan Gwammaja ne. Wannan bai taɓa shiga tarihin da kamfani ya rubuta miki ba.

Daga nan muka mayar da abin sana'a. In Malam ya fita aiki, in kife ƙwarya a baho da ruwa, ke ki haɗa cokula biyu a kan gwiwa, in danna jan maɓalli. Kika ce waƙoƙin mahaifiyarki ne, tun da ta rasu ba a rera su a filinku. Na ɗauka baƙin ciki ne kawai ya hana, ban tambaya ba, ke kuma ba ki ƙara min ko kalma ba. Haka kike da duk abin da ya shafi mutanenki. Ba ki taɓa cewa in shigo filin ba, a bakin ƙofa nake tsayawa in jira ki fito, kamar mai bin bashin adashi.

Amma waƙoƙin, Salina! Na tsinkar 'ya'yan itace a gonakin Kent da sanyin safiya. Na mutumin da aka ɗaure saboda zomo. Da wannan ta matar da ta binne jaririnta a gefen hanya, gari na wayewa aka kore su daga wurin, ta tafi ba ta ma san sunan ƙauyen ba balle ta dawo. Muryarki a lokacin akwai tsakuwa a cikinta, ta hanci take fita, kina jan ƙarshen baiti har sai numfashi ya ƙare miki. A cikin kaset ɗin ana jin bas na wucewa, ana jin murfin tukunya, ana jin Bilkisu tana tsala kuka kina lallashinta ba tare da kin bar waƙar ba. Waɗanda na aika Kano tuni aka ɗauki tafsiri a kansu, sauran suka bi shara bayan rasuwar Hajiya. Nawa na nan ne kaɗai suka tsira.

Sai Mai Gyale ya ɓullo. Kin san sunan da nake kiran mijinki ke nan? Ba ki sani ba, yau kin ji. Namiji da gemunsa, rani da damina wuyansa naɗe da ƙyalle kamar mai jego. Ya ji ki a wata mashaya kina rera wa 'yan uwanki, ya hango abin da zai ci. Da farko manaja ne, da ya ga kada kaza ta tsallake katanga sai ya aure ki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ya canza miki suna, wai Salina bai dace da fosta ba. Ya ce wa 'yan jarida kakarki daga Sifen take, kika zauna kusa da shi kina gyaɗa kai. Ya ɗauko malamar murya ta wanke miki maƙogwaro tas, ta kwashe tsakuwar nan, kika koma kina waƙa sumul kamar kowace yarinya a rediyo. Waƙar jaririn da aka binne a gefen hanya ya sa aka zuba mata ganguna, aka cire jaririn, aka mayar da ita ta soyayya, har tallan turare aka yi da ita. Na gani a talabijin, wata mai guntun siket tana gudu a bakin teku. Ba ki ji kunya ba? Waƙar uwarki fa.

Abin dariyar ma bai zo ba sai da zamani ya juya, zama Romani ya fara ciniki. Nan da nan kakar Sifen ta ɓace. Mai Gyale ya ɗaura miki ɗankwali, ya rataya miki manyan 'yan kunne, ya yi hayar keken doki mai fenti aka ɗauke ki hoto a gabansa kina kallon sama, ke da ba ki taɓa kwana a irinsa ba. Ya sayar da ke a kan ba ke ba ce, ya dawo ya sayar da ke a kan ke ce. Mutanen da suka janye jaka a shagon wanki su ne suka riƙa layin sayen tikiti.

Ga abin da ban taɓa gaya miki ba. Ranar da kika aiko min tikitin babban zauren nan, na yi kwalliya, na yi miki dambun nama da hannuna, na ratsa ƙartin da ke gadi har ɗakin da kike shiri. Kika rungume ni, ban musa ba. Sai wata mai abin ɗaukar magana ta tambaye ki wace ce ni, kika ce wata tsohuwar maƙwabciya ce da take taya ki guga a da. Kin ɗauka hayaniya ta hana ni ji. Na ji, Salina. Ni Uwani, mai guga? Ke da kika zauna a kicin ɗina kina kuka da majina ranar da aka hana ki shiga shago, kika ci tuwona har kika koyi suɗe kwano? Na yi murmushi na ajiye dambun na fita, na hau bas na koma gida.

Ga na biyu. Duk lokacin da kika kira ni, shekara-shekara in kin ga dama, kika ce yaya na ji sabon faifanki, nakan ce ma sha Allah. To ba yabo ba ne. Ko ɗaya ban taɓa so ba. Abin da bakina ke faɗi ke nan in na rasa yadda zan yi da gaskiya. In na kashe wayar sai in jawo gwangwanin in sa kaset, in ji ki yadda Allah ya yi ki, in huce. Sau ɗaya na yi miki maganarsu, kika yi dariya kika ce har yanzu ina ajiye da wannan tarkacen. Tarkace kika ce.

Mutuwarki ma a wayar Bilkisu na gani. Babu wanda ya tuna ya kira mai guga. Na je jana'izar duk da haka, na ga abin da na gani. Gaba 'yan kamfani ne da baƙin tabarau, kowa yana gyara tsayuwa don kyamara, Mai Gyale ya sako sabon gyale baƙi yana matsar ido ko hawaye zai taimaka. Baya kuma mutanenki, sun cika titi maƙil, sun tako a ƙasa da furanni, babu mai magana. A wurin na fara ganin Inna Rosa, ƙanwar mahaifiyarki, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa da sanda, fuska a murtuke. An kira sunan fosta ya fi a ƙirga, sunan da uwarki ta raɗa miki kuwa ban ji shi a bakin kowa ba.

Ƙasar kabarinki ba ta bushe ba Mai Gyale ya hawo benena yana haki. Ungulu ba ta jewar banza. Mutumin da bai taɓa riƙe sunana ba, ranar har da ce min sister, wai ai mu family ne. Ashe kin taɓa ba shi labarin kaset ɗin. Wai yana so ya fitar da su don tunawa da ke, za a yi musu kwali mai kyau. Za a dai ɗan share su, a cire ƙarar bas, a cire kukan yarinyar, a cire wannan ƙwanƙwasar da ake ji a ƙasa. Ƙwanƙwasar nan ƙwaryata ce. Ya taho da wata malama daga jami'a can Bloomsbury, ita dai ba muguwa ba ce, har takalmi ta cire a bakin ƙofa. Nata burin a kai su wani ɗaki mai sanyi a kulle, wanda yake son ji ya nemi izini a ba shi kati. Ɗaya zai kai ki kasuwa, ɗaya za ta kai ki firij. Na ba su shayi, don ba a ce gidana ba a karɓar baƙo ba, na ce su sauka lafiya.

Na zauna na yi tunani irin namu. A wurinmu abin mamaci gado ne, wanda ya riƙe shi amana ya riƙe, in ya ci ya ci wuta. Muryar taki ce, waƙoƙin na uwarki ne, ƙwaryata ce kaɗai tawa a ciki. Ba ki bar ɗa ba. Miji yana da kaso, na sani, amma shi ya cinye nasa tun kina numfashi har ya haɗa da na wasu. Saura danginki. Bilkisu, wadda in na yi mata Hausa sai ta mayar min da Turanci, ta ce ko ma mene ne in bari ta yi copy a wayarta tukuna, aikin kwana ɗaya ne. Na yi mata tsawa, na ce ba a tsakurar gado kafin ya isa hannun masu shi, wannan tarbiyyar London ce. Na ce ai in na kai musu, duk ranar da na yi marmari zan je mu zauna mu ji tare. Har hango kaina nake a tsakiyarsu ana shan shayi ana hawaye ana gode min. Kin ga wautar tsufa?

Na dafa shinkafa da miya kamar yadda ake kai wa gidan makoki, na rungumi gwangwanin, na shiga filin nan da kika hana ni shiga tun ina da ƙuruciya. Me kike ɓoyewa, Salina? Wurin fes yake, ko'ina a share, tagogi suna ƙyalli, ya fi gidan Mai Gyale tsafta nesa ba kusa ba. Aka kai ni wurin Inna Rosa. Na buɗe baki na yi ta'aziyya irin tamu, Salina kaza, Salina kaza, Salina mai kirki, Salina mai murya. Duk kiran da na yi sai in ga mata sun sunkuyar da kai, wata ma ta tashi ta fita. Su ba sa cewa komai sai yarinyarmu, ko wadda ta tafi. Tukunyata aka yi min godiya aka ajiye ta a waje. Ban gane komai ba, na ɗauka halin Turawa ne.

Na miƙa gwangwanin na yi bayani, na ce ga muryar 'yarku tun tana budurwa, ga waƙoƙin mahaifiyarta a ciki ba a taɓa su ba. Tsohuwar ba ta buɗe ba. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta tambaye ni ko akwai saura a wani wuri. Na bugi ƙirji na ce ko ɗaya ban rage ba, mu ba ma haka. Ta kama hannuna ta riƙe, ta ce tun da aka haife ta bare karɓa yake yi daga hannunsu, ni ce ta farko da ta dawo musu da wani abu. Ta ce ranar Lahadi za su raka ki a gonar wani ɗan uwansu can Kent, in zo. Na ɗauka irin sadakar arba'in ce. Na ciro leshina mai kyau, har da turare.

Da hantsi na isa. Fili ne fetal, a tsakiyarsa ga tsohon karaban ɗinki na 'yan matanci, wanda Inna Rosa ta ajiye miki duk shekarun nan ko za ki dawo, ba ki dawo ba. Maza suna fasa kwanukanki na tangaran da guduma. Mata suna shiga da riguna da barguna da takalma suna fitowa hannu wofi. Na ce to, rabon gado ne irin nasu. Sai na ga wani ya sauko da jarkar fetur daga mota. Na leƙa ta ƙofa, ga gwangwanina a kan gado, an ɗora shi a kan matashi.

Ban san na iya ihu haka da Turanci ba. Inna Rosa ta bari sai da na gaji, sannan ta yi min bayanin da ya kamata ke ki yi min tun muna yanka albasa. A wurinsu duk abin da mamaci ya mallaka ƙone shi ake yi, abin da wuta ba ta ci a fasa. Ba a kiran sunansa, ba a rera waƙarsa, don kada a riƙa janyo shi yana dawowa neman kayansa. Haka aka yi wa mahaifiyarki. Shi ya sa kika kwaso waƙoƙinta kika kawo kicin ɗin baƙuwa, inda babu mai hana ki. Ta ce 'yar uwarta, mahaifiyar taki, ba ta huta ba tun ranar da kika fita da waƙoƙinta, an ja ta a rediyo, an ja ta a talla, yanzu ga ke ma za a fara. Abin da ke hannun kamfani ba su da iko da shi, kuma ita ba ta ma ɗauke shi muryarki ba. Wannan na cikin gwangwanin shi ne ke. Sannan ta nuna min ƙofar da sandarta, ta ce ni ba tasu ba ce, dokarsu ba ta hau kaina ba, in shiga in ɗauka babu mai tare ni.

Ki ji da kyau, ni ban yarda da ko ɗaya ba. Camfi ne. Mamaci ba ya dawowa neman kofi da bargo, wanda ya tafi ya tafi. Da wannan a raina na tattare leshina na hau matakalar, na zauna a bakin gadonki na ɗora gwangwanin a cinya. Ɗakin yana warin fetur da tsohon sabulu.

Ta taga nake kallonsu. Jama'a sun fi na wani bikin yawa, amma babu wanda ya ɗaga waya yana ɗauka. Babu wadda ta soke ko cokali a aljihu, ga kaya masu kyau ana ta shigowa da su. Tun da Mai Gyale ya gan ki ban ƙara ganin taro a kanki ba wanda babu mai neman wani abu a ciki, sai ranar. Na tambayi kaina, in na fita da shi ina zan kai shi? Ƙarƙashin gado, har ranar da za a fitar da ni daga flat ɗin nan a kwance. Washegari Mai Gyale zai hawo bene ya ce wa Bilkisu sister. Kuma ni ɗin me nake so da shi? In riƙe ki a kicin ɗina, a shekarun da ba ki da kowa sai ni, in riƙa kunna ki duk lokacin da na ga dama. Kowa ya riƙe ki ta inda hannunsa ya kai, nawa hannun dai ya fi nasu daɗewa.

Na mayar da shi kan matashin na fito. Babu wanda ya ce min sannu, babu wanda ya tafa. Aka ƙyasta ashana. Karaban ba ya jimawa ashe, kafin ƙafata ta gaji da tsayuwa rufin ya rufta. Na kasa kunne kamar wata sakara, ko zan ji wani abu daga ciki, babu komai sai ƙarar gilashi da warin roba. Inna Rosa ta tsaya kusa da ni har wutar ta kwanta.

Laifinki ne, kuma ba zan rage miki ba don kin mutu. Magana ɗaya ta ishe ki a duk shekarun nan, ki ce Uwani, mutanena ƙonawa suke yi. Kunyarsu kike ji a gabana, kunyata kike ji a gaban 'yan jarida, kunyar muryarki kike ji a gaban mijinki. Akwai abin da ba ki ji kunyarsa ba kuwa, ban da abin da ya kamata?

Mai Gyale ya kira yana zage-zage, wai na hallaka dukiyar tarihi. Na yi masa kwatancen gonar na ce ya je da buhu. Bilkisu ta yi fushi da ni ta huce. Shekaranjiya na je ganin jikana, muka ratsa ta babban kantin nan na Stratford, sai ga ki kina zubowa daga rufi, waƙar turaren nan, mutane suna gwada takalma babu mai ɗaga kai. Abin da ya rage miki a duniya ke nan, kuma ke kika zaɓe shi. Danginki sun rufe baki da sunanki har abada, masu sayen faifai ba su taɓa saninsa ba. A bas ɗin dawowa na rufe ido na nemi waƙar jaririn yadda kike yin ta da. Karin ya zo, kalmomin ma sun zo, amma da muryata suka zo. Taki ta fara tafiya, kuma babu inda zan je in ɗauko ta.

Malamin masallacinmu ya ce akwai addu'ar da ba a yi wa wanda ba namu ba, ni kuma ba zan yi jayayya da malam a kanki ba, ba ki kai ba. Na bar ki da wanda ya halicce ki, shi ya san muryar da ya ba ki. In tsohuwar nan ta yi kuskure, to mu tsofaffi biyu mun ƙone ki a banza. In kuwa gaskiyarta ce, gara ki kwanta ki huta da kyau, Salina, kada in ji kada in gani, domin abin da na bayar a kan hutun nan ba ni da wani irinsa.

Sai wata rana, in akwai ta tsakaninmu.

Ni ce,
Uwani, wadda har yanzu ba ta huce ba.